KA DAINA SAYEN TAYAR TSERE TUN BA KA IYA SHAN KWANA BA



Yau mun ajiye maganar waya da kwamfuta a gefe. Taya za mu tattauna, kuma ina gaya muku tun yanzu, da faɗa na zo.

Wani ɗan uwa da ke aiki a Ingila ya turo mana saƙo makon jiya. Ya sayi Mazda MX-5 ta hannu, ya biya kuɗin shiga filin tsere karo na farko a rayuwarsa, sai abokansa suka taru a kansa wai kada ya kuskura ya je da tayoyin da ke jikin motar. Wai ya sayi Toyo R888R ko Nankang AR-1, ya kuma ƙara faɗi, in ba haka ba kowa zai wuce shi ya ji kunya. Tambayarsa ita ce, wacce zai ɗauka a cikin biyun? Na ce masa babu ko ɗaya. Ya ce in yi bayani. To ga bayanin nan, na kawo shi fili don na san ba shi kaɗai ake yi wa wannan huɗubar ba.

Ga wanda bai san zancen ba: filayen tseren motoci irin su Silverstone da Brands Hatch a Ingila, Kyalami da Zwartkops a Afirka ta Kudu, Sepang a Maleshiya, Yas Marina a Abu Dabi, suna ware wasu ranaku da mutum zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ta gida, ya sa hular kwano, ya yi gudu iya ƙarfinsa ba ɗan sanda ba mai tsallaka titi. Ba gasa ake yi ba, babu kofi, a Ingila ma yawancin masu shiryawa sun hana ɗaukar lokaci. Ana shiga ne rukuni-rukuni, minti 15 zuwa 20, a fito a huta, a sake komawa. Zan riƙa kiranta ranar fili.

Tayoyin da ake zuwa da su kuwa mataki-mataki ne. Akwai tayar titi ta motocin gudu, irin su Michelin Pilot Sport 4S, Goodyear Eagle F1 da Continental SportContact, masu cikakken zane da za ka yi cefane da su ka kuma shiga ruwan sama. Sama da su akwai waɗanda ake kira 'yan 200, za mu zo kansu. Sama da waɗannan akwai rabin-silik, wato taya mai taushin roba da ɗan zane kaɗan don doka ta yarda ta hau titi, irin R888R ɗin nan da Pirelli Trofeo R. A ƙololuwa kuma silik, wadda ba ta da zane ko ɗaya, sumul kamar tafin hannu, ita ce ta 'yan tsere na gaske.

Shawarar da ake bai wa sabon shiga kullum ita ce ya tsallake matakin farko da na biyu ya faɗa na uku. Ni kuma na ce wannan muguwar shawara ce, kuma yawancin masu ba da ita ba su taɓa biyan kuɗin gyaran motar wani ba.

Bari mu fara da abin da taya ke yi a kwana. Duk nauyin motarka, duk ƙarfin injinka, duk birkinka, suna isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai fi girman tafin hannu ba sosai. Idan ka juya sitiyari, tayar ba ta bin daidai inda ka nuna mata. Robar tana ɗan murɗewa, tana ɗan zamewa kaɗan, kuma a cikin wannan 'yar zamewar ne riƙon yake fitowa. Kana ƙara gudu zamewar na ƙaruwa, riƙo na ƙaruwa, har a kai wani matsayi da ba ƙari. Daga nan sai saki. Duk ilimin tuƙin fili ya tattara ne a kan sanin wannan matsayin, da jinsa a hannunka da mazauninka kafin ka wuce shi.

To a nan bambancin yake. Tayar titi tana da surutu. Tun kafin ta kai iyakarta za ta fara ƙara, ƙiii, sitiyari ya yi sakwaf a hannunka, gaban motar ya fara turewa waje a hankali. Tana ba ka lokaci ka sassauta totur ka gyara. Ko ta saki ma, a hankali take saki, kuma a gudun da bai kai ya kawo ba. Rabin-silik kuwa shiru-shiru ce. Tana riƙewa, tana riƙewa, kana jin kanka gwani, sai ta sake ka lokaci guda, a gudun da ya fi wancan nesa ba kusa ba. Ƙwararre yana jin ƙananan alamun da take bayarwa, domin ya shekara yana saurarensu. Kai da yau ne farkonka, wallahi ba za ka ji komai ba sai dai ka ga shingen ƙarfe yana tahowa ta tagar gefe.

Kuma lissafin ba ya tausayi. Ƙarfin karo yana tafiya ne da gudu sau gudu. Motar da ta kuɓuce a kilomita 120 cikin awa tana ɗauke da ƙarfin da ya fi na wadda ta kuɓuce a 100 da kashi 44 cikin ɗari. Wato abin da ka saya da kuɗinka shi ne kuskurenka na farko, wanda dole sai ka yi shi, ya same ka a gudu mafi muni. Ka tuna kuma inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere. A Nürburgring na Jamus, inda zagaye ɗaya ya kai kilomita 20.8, idan ka daki shinge kai za ka biya kuɗin shingen, ka biya na motar da ta janye ka, ban da taka motar da ta tashi aiki.

Abu na biyu ya fi wannan ɓata mini rai, domin shi ba a ganinsa. Taya mai riƙo da yawa tana rufa wa mugun tuƙi asiri. Ka shiga kwana da wuri, ka fizgi sitiyari, ka taka birki a tsakiyar kwana, ka danna totur kamar kana kashe kunama, duk za ta shanye ta fitar da kai. Ka koma gida kana cewa ka iya. Alhali da tayar titi ce da tun a zagaye na biyu ta tona maka asiri, ta yi ta ihu har ka gane cewa hannunka ne ke da gaggawa. Mutum sai ya yi shekara biyu yana zuwa fili da rabin-silik, wani yaro ya zo da tsohuwar mota da tayar titi ya wuce shi ta waje, ya rasa dalili. Dalilin shi ne yaron tayarsa ta koyar da shi, shi kuwa tasa ta yi ta lallaɓa shi.

Kada ku ce ra'ayina ne kawai. A 2012 Toyota da Subaru suka fitar da GT86 da BRZ, motar gudu da aka ƙera musamman don jin daɗin tuƙi, ƙarƙashin babban injiniya Tetsuya Tada. Wace taya suka sa mata? Michelin Primacy HP mai girman 215/45 R17, irin wadda ake samu a jikin wasu Prius, motar da aka sani da tsimin mai. Mutane suka yi ta dariya. Amma da gangan aka yi, don direba ya iya kai motar iyakarta a gudun da zai iya sarrafawa, ya ji yadda bayanta ke motsi, ya koyi kamo shi. Kamfanin da ke da kuɗin sa kowace taya a duniya ya zaɓi mai ƙarancin riƙo saboda direba ya koya, kai kuma abokinka na majalisa ya ce ka fi su sani.

Sai abu na uku, wanda masu shawarar ba sa faɗa maka sai bayan ka biya. Taya ba ita kaɗai take aiki ba. Duk riƙon da ka ƙara, wani abu a jikin motar ne zai ɗauki nauyinsa. Kana fita kwana da gudu, kana isa ta gaba da gudu, kana taka birki da ƙarfi fiye da da, zafin duk yana tafiya cikin birki. Man birki na DOT 4 sabo fil ana buƙatar ya jure aƙalla digiri 230 kafin ya tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi, ma'aunin yana sauka zuwa wajen 155. Ranar da ya tafasa, za ka taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya faru. Mutum ya kashe kuɗin taya huɗu masu tsada, man birkinsa kuwa tun na mai motar na farko ne. Wannan wane irin lissafi ne?

Haka man inji. A yawancin motoci man yana taruwa ne a kasko a ƙasan inji, famfo na zuƙowa daga nan. Idan ka daɗe cikin doguwar kwana da riƙo mai ƙarfi, man yana komawa gefe guda kamar ruwa a bokiti idan ka juya da shi, famfon ya zuƙi iska. Daƙiƙu kaɗan na haka sun isa su fara cin ƙarfen inji. Shi ya sa motocin da aka ƙera don fili tun daga masana'anta, irin su Porsche 911 GT3 da Corvette Z06, suke da tankin mai na daban wanda kwana ba ta dame shi. Taka motar mai kasko an auna ta ne da tayar titi. Ƙara da boris na ƙafa, da robobin ƙafa, da shokoba, duk suna shan wahalar da ba a yi su dominta ba.

Yanzu mu zo kan lambar da ake ruɗar mutane da ita. Ka duba gefen tayarka, a tayoyi da yawa za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba a gabanta, 300 ko 200 ko 100. Mutane sun mayar da ita ma'aunin riƙo: wai duk wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ta fi kama ƙasa. Asalin lambar tsarin gwamnatin Amurka ne, kuma abin da take aunawa shi ne saurin cinyewar roba. Ana gwada tayar ne a kan titunan yammacin Texas, kusa da garin San Angelo, tafiyar mil 7,200, a kwatanta cinyewarta da ta wata taya ta ma'auni. Tuƙin titi ne na hankali, babu ruwansa da fili. Sannan abin da ya fi muhimmanci, kamfanin da ya yi tayar shi ke buga lambar. Doka ta hana shi ya ƙara gishiri ya rubuta abin da tayar ba ta kai ba, amma ba ta hana shi rubuta ƙasa da haka ba. Don haka 300 na wannan kamfani da 300 na wancan ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Lambar 200 kuwa tana da nata labarin. Ƙungiyar SCCA ta Amurka ta sa dokar cewa a rukunin motocin titi na gasarta, taya ba za ta gaza 200 ba, wasu gasannin dogon zango na masu ƙaramin ƙarfi su ma suka sa iyaka makamanciyar wannan. Me kuke tsammani kamfanoni za su yi? Kowa ya shiga ƙera taya mafi riƙo da zai iya, ya buga mata 200. Sakamakon shi ne yau Yokohama A052, Bridgestone RE-71RS, Falken RT660 da Hankook RS4 duk 200 ne a rubuce, amma halinsu ya sha bamban. A052 an san ta da riƙo mai ban mamaki tun daga zagayen farko, an kuma san ta da saurin cinyewa da rashin son zafi a ƙarƙashin mota mai nauyi. RS4 ba ta kai ta riƙo ba, amma za ta yini tana zagaye halinta bai canza ba. Wanda ya ce maka "sayi 'yar 200 kawai" bai gaya maka komai ba.

Haka harafin da ke gaban TRACTION, AA ko A ko B. Wannan gwajin birki ne a miƙe a kan jiƙaƙƙen titi. Bai san kwana ba, bai san busasshiyar kwalta ba.

Sai maganar faɗi, wadda ita kam har da son a gani a ciki. Gaskiya ne taya mai faɗi tana iya ƙara riƙo a kwana, amma da sharaɗin rim ɗin ya dace da ita. Taya 225/45 R17 tana zama daidai a rim mai faɗin inci 7 zuwa 8 da rabi. Taya 245/40 R17 tana son inci 8 zuwa 9 da rabi. Ka ɗauki 245 ka matse ta a rim mai inci 7, gefenta zai kumbura kamar buhu, fuskarta ta lanƙwashe, ka juya sitiyari motar ta yi jinkirin amsawa. Ka biya kuɗin faɗi, faɗin bai taɓa ƙasa ba. A ƙaramar mota mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai kamar MX-5, akwai ƙarin matsala: robar tsere sai ta yi zafi take aiki, mota marar nauyi da direba sabon shiga ba za su iya gasa faffaɗar taya ta kai zafinta ba. Ga ƙarin nauyi a ƙafa, ga cin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya. Kuma don Allah kada ka faɗaɗa baya kaɗai ko gaba kaɗai don ka ga hoton wata mota, ko ka sa rabin-silik a gaba tayar titi a baya saboda kuɗi bai kai ba. Wannan na ƙarshen hanya ce mafi sauri ta juyawa kamar katantanwa a kwanar farko.

Ruwan sama fa? Mai tambayarmu a Ingila yake, ƙasar da za ka fita da rana ka dawo a jiƙe. Sabuwar tayar titi zurfin zanenta wajen milimita 7 zuwa 8 ne, rabin-silik kuwa 5 zuwa 6 take zuwa da shi, ramukan ma kaɗan ne, kuma bayan ranakun fili biyu ko uku sun ragu sosai. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan ruwa ya kwanta a kwalta babu hanyar fita, tayar sai ta hau kansa, sitiyari da birki su zama ado. Kuma da wannan tayar za ka tuƙo kanka gida a babbar hanya da daddare, a gajiye. Doka a can ta ce zane kada ya gaza milimita 1.6, mutane da yawa sun shiga fili da taya halattacciya sun fito da haramtacciya ba su lura ba.

To, ban ce tayar titi ba ta da aibi ba, kada a yi mini ƙarya. Tana da shi. Idan motarka mai nauyi ce mai ƙarfi, irin su Mustang ko BMW M3, ko kana fili a wuri mai zafi kamar Dubai ko Sepang, bayan zagaye huɗu ko biyar masu zafi tayar titi za ta fara santsi kamar an shafa mata mai, kafaɗarta ta waje ta fara cinyewa. Tayar kowane-yanayi da tayar araha marar suna kuwa, zafi na iya sa zanenta ya riƙa ɓantarewa gutsure-gutsure, waɗannan ban ce a je da su ba sam. Kuma na yarda akwai ranar da direba zai wuce matakin tayar titi. Amma maganin santsin nan ga sabon shiga kyauta ne: zagaye uku ko huɗu da ƙarfi, ɗaya a hankali don ta huce, a sake. Kai kanka kana buƙatar wannan hutun fiye da tayar. Alamar cewa lokacin hawa mataki ya yi ita ce, kana zagaye iri ɗaya a kai a kai ba kuskure, kana jin lokacin da tayar za ta saki kafin ta saki, malamin tuƙi ya zauna gefenka ya ce yanzu kam taya ce ke riƙe ka. A lokacin ma 'yar 200 mai juriya za ka nema, ba rabin-silik ba tukuna.

Akwai kuma masu cewa to ai sai a sayi rabin-silik ta hannu, 'yan tsere suna sayar da nasu da araha. Mu da muka saba da tayar tokunbo wannan shawarar tana mana daɗin ji. Ku saurara. Robar tsere duk lokacin da ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri kaɗan. Bayan an maimaita haka sau da yawa, zanen na nan da sauransa amma riƙon ya tafi. Ɗan tseren da ya sayar maka ya san dalilin da ya sa ya cire ta. Da ido ba za ka gane ba, sai a kwana.

Shekaru ma haka suke yi wa kowace taya, ko ba a hau ta ba. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Duk wanda ya kalli finafinan Fast & Furious ya san Paul Walker. Ya rasu ranar 30 ga Nuwamba 2013 a Santa Clarita ta jihar Kalifoniya, cikin Porsche Carrera GT da abokinsa Roger Rodas ke tuƙawa. Masu bincike sun ce babban sanadi gudu ne, tsakanin kilomita 130 zuwa 150 cikin awa a titin gari, amma rahoton ya kuma nuna cewa akwai tayoyin motar da suka haura shekara tara. Mota ce ta ajiya da ba a cika hawa ba, irin wadda za ka duba zanen tayarta ka ce sabuwa ce. Ni dai a ra'ayina, tayar da ta wuce shekara biyar ba ta da aiki a filin tsere, komai kyan fuskarta. Sabuwar tayar titi mai kyau ta fi tsohuwar tayar tsere, ko a riƙon ma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mutumin da ke gardamar R888R da AR-1 awa biyu, ka tambaye shi iska nawa ke cikin tayarsa idan ta yi zafi, sai ya yi shiru. Alhali nan ne aikin yake, kuma kuɗinsa bai wuce na geji mai kyau da ɗan famfo ba. Iska tana ƙaruwa da zafi, kusan psi 1 a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6. A fili, taya na iya ƙara psi 5 zuwa 8, wani lokaci fiye. Ka shiga da 35 irin na mai faci, ka fito da 42, tsakiyar tayar ya kumbura, riƙo ya ragu, ka ce tayar ce ba ta da kyau.

Ga yadda ake yi. Zagayen farko ka shiga da iskar da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofa. Kana fitowa, kafin ka cire hular kwano ma, ka auna duka huɗun ka rubuta. Ga yawancin motocin gudu a kan tayar titi, abin da ake nema da zafi yana tsakanin 32 zuwa 36, amma ka duba abin da kamfanin tayarka ya ce, shi ne gaba. In ta haura, ka rage kaɗan-kaɗan, ka sake aunawa bayan zagaye na gaba. Ba za su tashi daidai ba: a filin da yawancin kwanoninsa na dama ne, tayar gaba ta hagu ce ke shan wuya, ita za ta fi zafi. Kada kuma ka zarce da ragewa, domin taya mai ƙarancin iska tana kwantawa a kan kafaɗarta, gefenta na lanƙwasa yana tara zafi, wannan ya fi yawan iska haɗari. Dabarar gane wa ita ce alli: ka ja layi uku daga fuskar tayar zuwa gefenta kafin ka shiga. In ka fito ka ga allin ya goge har ya gangara gefe, tana kwantawa, ƙara iska. In ka samu na'urar auna zafi, ka auna ciki, tsakiya da waje: tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa, gefe biyu sun fi zafi, ta yi kaɗan, waje kaɗai ke ƙuna, to saitin ƙafa ne, motar na buƙatar a ɗan kwantar da saman tayoyin ciki, abin da masu alaimen ke kira kamba. Rabin-silik ma ba ta aiki sosai sai da wannan kwantarwar, wajen digiri 2 zuwa 3, wanda motoci da yawa ba sa kaiwa sai an canza musu kaya. Ka sa ta a saitin masana'anta, kafaɗar waje za ta cinye cikin kwana biyu sauran fuskar na nan sabuwa.

Kafin ka fita daga fili ka yi zagaye ɗaya a hankali ba tare da taka birki sosai ba. In ka tsaya kada ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, don birkin na da zafin da zai iya manne wa faranti. Ka duba notocin ƙafa bayan sun huce. Da yamma kuma kafin ka kama hanyar gida, ka tuna iskar da ka rage: tayar ta huce, yanzu tana ƙasa da ƙa'ida, sai ka mayar.

Abin da na ce wa ɗan uwanmu na Ingila ke nan. Ya duba lambar DOT na tayoyin da ke jikin motar. In ba su wuce shekara huɗu zuwa biyar ba, iri ɗaya ne duka huɗun, na kamfanin kirki, zanen ya kai milimita 4 ko fiye, babu kumburi babu tsagewa babu faci a gefe, to ya je da su haka. In sun gaza, ya sayi tayar titi ta gudu a girman da Mazda ta rubuta, harafin gudunta da lambar nauyinta kada su gaza na asali (V na nufin kilomita 240, W 270, Y 300). Kuɗin da ya rage ya canza man birki, ya duba birkin kansa, ya sayi geji, sannan ya biya malamin tuƙi na filin ya zauna gefensa ko na minti 20 ne.

Ya ce abokan za su yi masa dariya. Na ce ya gayyace su ranar, kowa ya zo da tasa motar.

A rubutu na gaba in sha Allahu za mu duba man birki dalla-dalla, bambancin DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1, da dalilin da ya sa ba a haɗa DOT 5 da sauran.